Dundumin Inusa Mai Yanyawa

A Jiratawa in ka ce Inusa sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Mai Yanyawa kowa zai nuna maka gidan. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana harbin wannan 'yar dabba mai faffaɗan kunne, wadda ke shiga akurki ta kashe kaji biyar ta tafi da ɗaya. Ba ya rowar sani kuma. Da hantsi, in ji shi, a bakin rami ake samunta tana shan rana. Ka zauna iska na dukan fuskarka, ban da taba, ban da tari. Amma harbin maza na almuru ne, sa'ad da yunwa ke fito da ita. Ka tsotsi bayan hannunka ya yi ƙara kamar kukan ɓera, da ƙafarta za ta taho.

Wannan duk kafin ido ya ci amanarsa ne. Dundumi ya kama shi, rana na faɗuwa sai komai ya dagule masa kamar kunu. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa Zuliha. Sai ya sake wa'azi, wai yanzu harbin rana shi ne gwaninta, na yamma aikin rago ne. Mutane suka gyaɗa kai, don ba wanda ya damu ya tambayi tsoho dalili.

Yana da jan kare, Mu-gani, da ya rena tun yana kwikwiyo. In zai fita harbi a gida yake ɗaure shi, kada yanyawa ta ji warinsa. Amma tun bara, duk ranar da magariba ta riske shi a waje, sai ya ji karen yana goga masa ƙafa, shi kuwa ya bi shi har gida yana zagin ruɓaɓɓiyar igiya.

Aiki ɗaya ya rage masa, tsaron gidan kajin Alhaji Abdulmutallib, ɗan kasuwar Maraɗi da ke zuwa ran Lahadi ya tsaya nesa yana toshe hanci. Yanyawar da ke satar kajin kuwa da yamma take zuwa. Alhaji ya faɗa masa a gaban ma'aikata cewa in Juma'a ta yi bai ga gawar yanyawa ba, akwai maharbi a Tsibiri mai bindigar zamani. Maganar ta ƙona wa Inusa rai, ya haɗiye ta, ya ce to.

Ran Alhamis ya ɗura bindigarsa ta toka, ya zauna bayan shingen zogale tun la'asar. Tsinanniyar ba ta fito ba sai da haske ya ƙare masa. Ya san ya kamata ya tashi, ya ƙi. Ya tsotsi bayan hannu sau biyu, wani abu ja-ja ya nufo shi a guje, ya saki wuta.

Kukan da ya ji ba na yanyawa ba ne. Ya rarrafa ya laluba, hannunsa ya gane kunnen tun kafin zuciyarsa ta yarda. A wuyan ba ko guntun igiya.

Nan Zuliha ta same shi da tocila a hannu, ganin ba su dawo ba. Ta daɗe tana duban karen.

"Ni ke kwance shi, Malam," ta ce. "Tun bara na sani."

Ya so ya yi faɗa, ya rasa da wa. Can cikin akurki kaji suka ɗau kyarkyara, ya san ko wace ce ta shiga, bai ko waiwaya ba.

Zuliha ta kama bakin bindigar, ya riƙe gindinta, ta ja shi. Hanya ɗaya ce zuwa gida, ta ƙofar masallaci, inda mazan gari ke zaune bayan salla. Ba ya ganinsu, amma ya ji lokacin da hirarsu ta tsaya.