Ammu Shahata, Mai Kai Magana Tsakanin Tebur Biyu

Kafin masu sayar da ful, dafaffen waken karin kumallo, su gama kafa tukwanensu a bayan tashar jirgin ƙasa ta Damanhur a Masar, Ammu Shahata ya riga ya ɗage ƙofar gidan gahawar Mu'allim Rizik. Zai yayyafa ruwa a bakin titi, ya fito da kujeru bibbiyu a kafaɗa, ya kunna rediyo a tashar karatun Alƙur'ani, ya hura gawayin shisha. Sai ya sayo jarida guda ɗaya, wadda kafin azahar za ta zaga hannun rabin unguwa ta dawo masa da tabon shayi. Rimot ɗin talabijin kuwa yana aljihun gaban rigarsa, naɗe cikin leda, ko Mu'allim bai isa ya taɓa ba. A kan wannan aiki na same shi ina sabon malamin makaranta mai baƙin gashi, a kansa kuma na yi ritaya na dawo na ci gaba da samunsa, har Alhamis ɗin da ta wuce, da gwiwoyinsa suka ƙi, 'yarsa Nawal ta zo ta ce ya isa haka, ya koma wurinta ƙauye ya huta.

'Yan unguwa suka ce ni zan rubuta masa jinjina, tunda ni ne mai alƙalami. Na karɓa da rawar jiki. Sai da na zauna rubutun na gane ban san takamaiman abin da zan yaba ba, kuma har yanzu da nake rubuta wannan layin kaina bai gama warwarewa ba.

Gidan gahawarmu majalisa ce. Nan muke naɗa minista mu sauke shi kafin shayi ya huce, mu kori kocin ƙasa, mu yanke wa jarumin wasan kwaikwayon azumi hukuncin matar da ya kamata ya aura. Shekara da shekaru Ammu Shahata yana tsakiyar wannan hayaniya da tire a hannu, amma babu wanda ya san ɓangarensa. Magoya bayan ƙungiyar ƙwallo mai jar riga suna rantsuwa nasu ne, wai in sun ci ƙwallo yana ƙara musu sukari. Masu farar riga suna cewa ƙarya ne, su yake yi wa ta'aziyya da gahawa marar sukari in an ci su, kuma ai wanda ya damu da kai shi ke maka ta'aziyya. Na taɓa tsare shi na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah. Ya dubi kofina ya ce, "Ustaz Hilmi, shayinka yana hucewa."

Babban aikinsa dai, wanda ba a ɗauke shi dominsa ba, shi ne na Hajji Mutawalli da Usta Zaglul.

Wa da ƙane ne, uwa ɗaya uba ɗaya, duk sun haura saba'in. Hajji tsohon ma'aikacin gidan waya ne, yana zaune a hawan ƙasa na gidan gadonsu. Usta tela ne, yana hawan sama. A wani zaɓen majalisar gari da aka yi tun jikokinsu ba su fara rarrafe ba, Hajji ya rataya kyallen ɗan takararsa a taga. Usta ya sako na nasa ɗan takarar daga baranda, dogo, har ya rufe wa Hajji taga ruf, fuskar abokin hamayya tana leƙa shi a kan gado. Hajji ya sa wuƙa ya yanke kyallen. Aka yi musayar kalamai a kan matakala, har Hajji ya rantse da Allah a gaban mutane ba zai ƙara yi wa ƙanensa magana ba. 'Yan takarar duka biyu sun faɗi, wani na uku ne ya ci. Daga baya ma 'yan takarar nan biyu suka shiga jam'iyya ɗaya, ɗan wannan ya auri 'yar wancan, mun sha zoɓo a wurin bikin. Wa da ƙane kuwa suna nan a kan bakansu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, ba su daina zuwa gidan gahawa ba. Kullum bayan la'asar Hajji yana teburin jikin ginshiƙi, Usta yana na kusa da shi, tsakaninsu bai wuce miƙa hannu ba. Kuma ba mai iya kallon labarai ko ƙwallo a cikinsu ya yi shiru. Ga irin abin da kunnena ya sha ji, wata rana da masu farar riga, ƙungiyar Usta, suka ci da bugun fenareti.

Hajji ya ɗaga murya yana kallon talabijin. "Shahata, gaya wa telan can, ƙungiyarsa ba ta cin wasa sai da alƙali a aljihu, kamar yadda shi ma ba ya ɗinka riga sai ya saci yadi."

Ammu Shahata ya juya, ya goge teburin Usta da tsumma, ya ce a natse, "Usta, Hajji ya ce yaranku sun yi ƙoƙari yau, sai dai alƙali ya ɗan taimaka. Yana kuma tambayar sabon yadin da ka kawo."

Usta, wanda ya ji kowace kalma da kunnensa, ya gyaɗa kai. "Ce masa na gode. Ce masa kuma mai tsaron gidansu ko kankana aka jefa masa sai ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa, tsohon banza kawai."

"Hajji, Usta ya ce mai tsaron gidanku yana bukatar hutu. Kai ma ka riƙa hutawa, girma ya zo."

"To, madalla," in ji Hajji, ya kurɓi shayinsa.

Kullum haka, a kan kuɗin gurasa, a kan mawaƙiyar da ta sake fita daga gidan miji, a kan kansilan da ke alkawarin gyara mana magudanar ruwa duk shekara. Kowa ya ji zagin, kowa ya ji gyaran, kuma gyaran ake amsawa. Baƙo in ya zauna ya saurara sai ya dube mu ya ga ko wasa ake, mu kuma mu ci gaba da buga domino.

Na kai maganar gaban limaminmu, Shehi Abduttawwab, don kada in yabi mutum a kan ƙarya. Ya ce an yi rangwame ga mai gyara magana don ya sasanta tsakani. Na ce to amma ba su sasanta ba. Ya ce duk da haka. Na ce kuma ƙarya ce ma, tunda wanda ake gaya wa ya riga ya ji gaskiyar? Shehi ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce zai duba littafi. An yi Idi biyu tun daga nan, in mun haɗu sai ya tambaye ni lafiyar iyali da sauri ya wuce.

Sau ɗaya na ga abin ya tashi daga raha. Bara ciwon zuciya ya kwantar da Hajji a asibiti. Usta ya ci gaba da zuwa, yana zama, ba ya tanka wa talabijin ko da kansila ya fito. Rannan ya nuna kujerar jikin ginshiƙi da haɓa ya ce, "Shahata, wannan kujerar sayar da ita za ku yi ne, ko ajiyar ƙura kuke?" Ammu Shahata ya cire tsummansa daga kafaɗa, ya ba Mu'allim haƙuri, ya hau motar haya da waɗannan gwiwoyin nasa. Ni na raka shi. Ya tsaya a bakin gadon Hajji ya ce, "Usta ya ce wurin ba daɗi ba kai, ka yi sauri ka tashi." Hajji ya ce, "Maƙaryaci," ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna rawa. Ni ma sai da na fita baranda na share ido.

Shi ya sa da labarin tafiyar Ammu Shahata ya fito, na san akwai matsala. Tsofaffi biyu ne, ɗaya da zuciya mai faci, kuma ta bakin mutum ɗaya kaɗai suke jin juna. Usta ma bai ɓoye ba, ya ce in Shahata ya tafi shi zai koma gidan gahawar tsallaken layin dogo, ba zai zauna yana kallon ƙeyar mutum a banza ba. Kowa ya san in ya tsallaka, sai dai ɗaya ya ɗauki makarar ɗaya.

Ranar Alhamis muka zaunar da Ammu Shahata a kujera, Mu'allim Rizik da kansa ya kawo masa shayi da na'ana'a. Ya zauna a ɗofane, yana ta neman tashi duk lokacin da wani ya tafa hannu. Na matsa kusa na tambaye shi dabarar da ya yi niyya tun farko, don in samu abin rubutawa.

"Wace dabara, Ustaz? Tsoro nake kada su fasa mana kofuna. Daga baya kuma na saba."

"Ba ka taɓa tunanin haɗa su ba?"

"Na yi. Ban san ta inda ake farawa ba." Ya dubi teburan biyu. "Yanzu wa zai riƙa kai musu?"

Ya miƙa wa Mu'allim rimot da ledarsa, Nawal ta riƙe masa hannu suka tafi.

Ranar Asabar bayan la'asar Usta ya shigo, bai zauna ba. Ya zo ɗaukar tiyon shisharsa ne da ke rataye a ƙusa. Daidai lokacin kansila ya bayyana a talabijin yana cewa magudanar ruwa ta kusa. Hajji ya buɗe baki kamar kullum, "Shahata, gaya wa..." sai ya tsaya.

Mu'allim Rizik mutumin kirki ne, amma bai taɓa sauraron abin da ke faruwa a gidan gahawarsa ba, yana can bayan kanta. Ya taso da saurinsa. "Faɗa mini, Hajji, ni zan kai."

Hajji ya haɗe rai. "Gaya wa ɓarawon yadin can, in zai tafi ya tafi. Kujerar ma ta gaji da ɗaukar wauta."

Mu'allim ya juya, ya gyara murya. "Usta, Hajji ya ce kai ɓarawon yadi ne, in za ka tafi ka tafi, kujerar ma ta gaji da ɗaukar wauta."

Na sunkuyar da kai. Usta ya tsaya da tiyo a hannu. Sai ya juya, ba wajen Mu'allim ba, wajen Hajji, ido cikin ido.

"Haka ake kai magana? Da Shahata ne, cewa zai yi, Hajji ya ce kujerar nan ta saba da kai, kada ka tafi."

"Ƙarya kake," in ji Hajji. "Cewa zai yi, Hajji ya ce gahawar tsallake ruwa ce zalla, za ta ɓata maka ciki."

"Shahata bai taɓa kushe gahawar wani ba."

"Kai za ka gaya mini Shahata? Ina shan shayinsa kana koyon zira zare."

Usta ya ja kujerar ya zauna don ya ji daɗin musun, ya ɗora tiyon a cinya. Sun yi nisa kafin Hajji ya ankara. Ya dafe baki, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Rantsuwata," ya ce a hankali. "Sai in yi azumin kaffara."

"Da wannan zuciyar taka?" in ji Usta. "Ciyar da miskinai za ka yi, marowaci. Ka kawo ful ɗin, Yaya, ni zan kawo gurasa."

Ko wannan sulhu ne, ban sani ba. Tun ranar suke zagin juna kai tsaye, jiya har sai da domino ya zube ƙasa. Amma Usta bai tsallaka layin dogo ba, matarsa kuma ta gaya wa matata an ga kwanon miya ya sauko daga hawan sama.

Na buga wa Ammu Shahata waya na ba shi labari. Ya saurara har na gama. Can ya ce, "To, Ustaz, ni duk shekarun nan me nake yi ke nan? Ko ni ne na tare musu hanya?"

Na kasa ba ka amsa a waya, Ammu Shahata, ga ta nan iyakar abin da na iya. Ko ka jinkirta abin, ko kai ka riƙe shi da rai har ya kawo yau, Allah ne masani, ni kaina ya kulle a nan. Abin da na gani da idona shi ne, kai ne ka tsaya tsakanin tebur biyu da ciwon gwiwa, ana ɗora maka zagi kana sauke gaisuwa, ba wanda ya taɓa ce maka sannu. Kai ne ba ka taɓa ƙara wa magana gishiri ba a unguwar da kowa ke yawo da gishirinsa a aljihu. Mun gode, mai tsumma a kafaɗa. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya sa ka ji daɗin jikokinka.

Mu kuma da muka rage, masu tura wa juna kowane zagi a waya kafin mu gama karantawa, in an ba mu magana mu kai, mu ɗan tsaya mu goge tebur tukuna. Kai kuma ka kwantar da hankalinka a kan tambayar nan taka. Ranar da 'yan'uwan nan suka buɗe baki ga juna, ba su tarar da kalma mai daɗi ko ɗaya tasu ta kansu ba, da kalmominka suka fara.