Geron Inna Iyatu

Inna Iyatu ba ungozoma ba ce, ba ta kuma ba da magani. Tsaba take sayarwa a layin masu hatsi na kasuwar Arzèkè a Parakou, wata gajeruwar mace mai kaurin hannu wadda ba ta cika magana ba. Amma a unguwarmu ta Kpébié, in jariri ya yi kwana uku yana tsala kuka, ko tsoho ya kasa runtsawa, abin da za ka ji kawai shi ne, "A kira Iyatu."

'Yar Djougou ce, garin da iyayenmu ke ce wa Zugu. Mahaifinta Malam Baƙo falke ne, shekara kusan arba'in yana bin ayarin goro tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa. Da ƙafa ta gaza ya zauna gida, sai 'ya'yansa suka gina masa ɗaki can ƙuryar gida inda babu hayaniya, don ya huta. Barci ya ƙaurace masa. Ya rame, ya koma mafaɗaci. Iyatu tana budurwa a lokacin, ita ce ta lura cewa duk ranar da mata ke shiƙar gero a tsakar gida, tsohon yakan jingina da bango ya yi ta gyangyaɗi. Mutumin da ya saba kwanan zango, cikin motsin jakuna da tarin fatake da hirarsu, ashe shirun ne ke damunsa. Ta ɗauko ƙwarya biyu ta zauna a bakin ƙofarsa, tana zuba gero daga wannan zuwa waccan. Da haka ya ci gaba da samun barci har Allah ya karɓi ransa.

Aure ne ya kawo ta Parakou, ta haihu shida, mijin ya rasu, ta ci gaba da kasuwarta. Ni Memuna na taso ina jin labarinta, ban ɗauke shi da muhimmanci ba, sai da abin ya zo gidana.

Shekara biyar ke nan da samun mulkin kai, ana kiran ƙasar Dahomey tukuna. Mijina Usuman direban kamyon ne, wato babbar mota, yana ɗaukar doya da fasinja tsakanin Djougou da Parakou. Wata rana da damina motar ta zame a bakin wata gada ta kife. Mutum biyu suka rasu. Shi ko ƙwarzane bai yi ba, amma ya dawo gida ba da barcinsa ba. Da ya rufe ido sai ya zabura ya tashi zaune, gumi na karyo masa. Malam ya yi masa rubutu ya sha, an ba shi ƙwaya a dispanser, ƙaramin asibitin unguwa, ya haɗiye. Hankalinsa yakan ɗan kwanta, barci dai babu. A kwana na tara idanunsa suka yi jajir, ya fara kiran 'yarmu da sunan ƙanwarsa. Ranar na yafa gyale na tafi Arzèkè.

Na tarar da Inna tana auna wa wata mata dawa. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata abin da ke tafe da ni. Sai da ta sallami matar, sannan ta ɗibi gero da shinkafa da acca, kowanne ta ƙulle shi a tsumma daban, ta ce wa maƙwabciyarta ta duba mata rumfa.

Bayan azahar muka isa gida. Usuman yana zaune a kan tabarma ya haɗa kai da gwiwa.

"Sannu ɗana," in ji ta. "Ƙarar faɗuwar motar ce kake ji?"

Ya girgiza kai. "A'a Inna. Da ƙarar ce da sauƙi. Bayan ta kife ne. Inji ya mutu, ba mai kuka, ba mai motsi, ko tsuntsu babu. Wannan shirun nake ji. Da na rufe ido sai ya dawo."

"To," ta ce. "Kana ƙarami, ina kake kwanciya?"

Ya yi ɗan tunani. Ya ce a rumfar kakarsa a Djougou, mai rufin ciyawa, kuma ba abin da yake so kamar a yi yayyafi yana ciki.

Ta sa na kawo mata masaki da faifai da ƙananan ƙorai biyu. Ta fara da shinkafa, ta zuba sau biyu tana kallon fuskarsa, ta ce wannan ruwan sama ne a kan rufin kwano, ya yi kaifi. Ta gwada acca, ta ce ta yi laushi, ba za ta rufe komai ba. Sai ta kwance geron. Ta jingina faifan a bakin masakin, ta ɗebo gero da ƙaramar ƙwarya, ta ɗaga hannu kamar kamu ɗaya ta sake shi.

Wallahi na ɗaga kai na dubi sama ta taga. Rana tsaka, gari garau, amma a cikin ɗakin nan ruwa ake yi a kan ciyawa. Kafin ƙwaryar hannun dama ta ƙare, ta riga ta cika ta hagu, saboda haka sautin bai taɓa yankewa ba, ko na ƙiftawar ido. Ta ce wa Usuman ya kwanta kawai, kada ma ya rufe ido in ba ya so.

Na zauna a bakin ƙofa ina kallonta. Da farko ruwan da ƙarfi yake sauka, daidai da numfashinsa mai sauri. Can na gane tana rage shi kaɗan-kaɗan, numfashin nasa kuma yana binta, kamar tana jan sa da igiya. Sau biyu ya zabura. Duk lokacin sai ta ƙara ɗaga hannu, ruwan ya ƙaru, ya koma ya kwanta. Wajen la'asar yatsunsa da suka kwana tara a dunƙule suka buɗe, bakinsa ya saki. Na toshe bakina da gyale don kada kukana ya tashe shi.

Ta yi mini alama da ido na karɓe ta don ta yi salla. Ban yi zubi goma ba ya fara juyi. Gero ɗaya, faifai ɗaya, amma a hannuna hatsi ne kawai ke zuba. Tana sallamewa ta karɓa, ta ci gaba har magariba. Da ta miƙe, ko kofin ruwa ba ta iya riƙewa sai da na kai mata baki. Usuman bai farka ba sai hantsin washegari. Ya yi alwala ya rama sallolinsa, ya ce in akwai tuwo a ɗumama masa.

Kwana bakwai tana zuwa kowace azahar, kullum zubin yana raguwa, har ya iya kwanciya da kansa. Bayan wata biyu ya koma tuƙi. Na tambaye ta yadda take sanin ƙarfin da za ta zuba. Ta ce, "Ni ma ban sani ba 'yata. Ina dai sauraron mutum."

Daga baya ɗanta ya kawo mata rediyo mai pil, wato batir, daga Cotonou. Labarai ba su dame ta ba. Takan murɗa shi zuwa tsakanin tasha da tasha inda yake yin shuuu, ta kasa kunne, ta ce na Bature ma ba laifi, sai dai bai san wanda ke kwance ba. Takan ara wa masu jego shi in kiran ya yi mata yawa.

A ƙarshen rayuwarta kunnenta ya toshe gaba ɗaya, sai an yi mata magana da hannu. Muka ɗauka shi ke nan. Amma da autana ya yi ƙyanda ya warke, ya bar barci, na kai mata shi don ta sa masa albarka kawai. Ta sa jikarta ta kawo gero. Ta ɗora tafin hagu a ƙirjin yaron, ta tokare faifan da babban yatsan ƙafarta don ta ji rawarsa, tana zubi da hannu ɗaya, jikar na cika mata ƙwarya. Ba ta jin ko ƙwaya ɗaya daga abin da take zubawa. Yaron ya yi barci kafin a gama dakan gidan.

Ta rasu shekara biyu bayan an sauya wa ƙasar suna zuwa Benin. An rufe rumfunan layin hatsi ranar, kuma a cikin masu rakiyarta har da direbobin gar, wato tashar mota, da masu doya waɗanda ko Hausa ba sa ji.