Mama Keziya Mai Wankin Ban-ɗakinmu

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da Hausa a wata sakandare mai zaman kanta a Sabon Gari, ta wajen Dogarawa. Idan aka ce in faɗi mutum ɗaya da ke riƙe da makarantar nan, ba zan ce firinsifal ba, Mama Keziya zan ce, mai wankin ban-ɗakinmu. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ita kwana uku, sai da aka kwashe 'yan aji ɗaya daga ajinsu saboda ɗoyi, aka mai da su gindin dalbejiya.

A Bomo take zaune, a ɗaki ɗaya cikin wani gida da ɗaliban jami'a suka cika. Mijinta Gregory lebura ne a wata gona a Samaru, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, duk sun yi aure sun koma Kaduna. Kullum da sassafe takan tako da ƙafa zuwa bakin titin Samaru, ta hau bas zuwa Sabon Gari, ta sake takawa har makaranta. Da zane biyu take tafiya, ɗaya na hanya ɗaya na aiki, domin wata mata ta taɓa toshe hanci a kusa da ita a cikin bas, ita kuwa ba ta manta ba. Ranar Alhamis ba ta ƙara ko minti ɗaya bayan an tashi, tana da zumuntar mata a coci, ita ce mai buga musu tulu.

Ban-ɗakin 'yan mata ramuka shida ne, yaran kuwa sun kusa ɗari huɗu. Babu famfo a wurin, sai an ɗebo ruwa daga tanki a ɗaya ƙarshen makaranta. Abin da Mama take tararwa da safe ba zan iya rubuta shi duka ba. Kashi a bakin rami maimakon cikinsa, audugar mata an cusa ta ta toshe hanya, takardun da aka yago daga littafin rubutu an goge da su an manna a bango, tsutsa tana yawo a kan siminti, ga zarnin da yake shiga ido kafin ya kai hanci. Sai ta shafa man zafi a ƙarƙashin hancinta, ta ɗaure bakinta da tsohon ɗankwali, ta shiga. Mu malamai namu yana bayan ofis, da kwaɗonsa.

Duk Kirsimeti, idan aka dawo hutu, takan kawo mana cincin a cikin roba. Mu karɓa da fara'a, mu yi ta sa albarka, tana juya baya mu miƙa wa maigadi. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba, kuma yau idan na tuna sai in ji ƙyamar kaina ta fi ta ramukan nan shida.

A makarantarmu wankin ban-ɗaki horo ne. Ki makara, ban-ɗaki. Ki yi surutu a asambili, ban-ɗaki. Ki sa safa mai launi maimakon fara, ban-ɗaki. Mista Japheth, malamin horo, shi ne uban tafiyar, amma ko firifet yana iya tura yarinya, kuma ba wanda yake rubuta sunan wadda aka tura. Waɗanda ake turowa ɗin ma ba wani aiki suke yi ba, daga nesa suke watsa bokiti ɗaya su ruga da gudu suna tofar da yawu. Mama takan ce aiki kawai suke ƙara mata, su mai da busasshen kashi ɗanye.

Muna kuma da ƙungiyoyi, ranar Laraba a awa ta ƙarshe. Akwai ta muhawara, da ta wasan kwaikwayo, da ta matasan manoma waɗanda shekara uku suna shuka masara a bayan katanga awaki suna cinyewa. Sai kuma Ƙungiyar Tsafta, mai tuta kore da fari da riguna iri ɗaya. Aikinsu zana hannu da sabulu a kan kwali su liƙa a baranda. Shugabarsu wata yarinya ce Happiness, ba ta da mugunta, amma tun da ta shigo makarantar ba ta taɓa taka ban-ɗakin nan ba, shagon gwaggonta take tsallakawa idan ta matsu.

Naila kuwa 'yar wani mai ɗinki ce a Samaru, bas ɗaya suke hawa da Mama wani lokaci. Tana aji uku al'ada ta zo mata karon farko a tsakiyar darasi, siket ɗinta ya ɓaci, ta gudu ta ɓuya a ban-ɗaki tana kuka. Mama ta same ta, ta ɗauko mata zanenta na hanya ta ɗaura, ta wanke siket ɗin ta shanya a bayan tanki, ta zauna da ita har ya bushe. Ba ta faɗa wa kowa ba. Washegari tana isowa ta tarar da Naila tsaye da bokiti cike da ruwa.

“Wa ya turo ki, 'yata?”

“Ba kowa, Mama.”

Shi ke nan. Shekara uku da rabi yarinyar nan tana zuwa kafin a kaɗa ƙararrawa ta jido wa Mama ruwa bokiti shida, ranar Laraba kuma ta ɗaure bakinta su shiga tare da burushi da omo. Ni na sani ne don na taɓa tsare ta a baranda na tambaye ta laifin me take yi haka kullum. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Malama, bayan Mama ne ke ciwo.” Burinta makarantar koyon aikin jinya.

A zangon ƙarshe na shekarar da za su fita aka kafa kwamitin hali, malamai biyar, ni ce sakatariya. Aikinmu biyu ne: mu zaɓi ɗalibar da za a ba kyautar kyawun hali ranar bikin yaye ɗalibai, sannan mu rubuta layi ɗaya game da halin kowane yaro a takardar shaidarsa ta gama makaranta. Wannan takarda ita yaro zai riƙa nunawa duk inda ya je neman karatu ko aiki. Da aka zo kan kyauta na ce Naila.

Mista Japheth ya yi dariya har da buga tebur.

“Malama Zubaidatu, wace Naila? Mai bokiti? Yarinyar da tun tana aji uku ban taɓa wucewa ta bayan aji ban gan ta tana shan horo ba? Ai ni ban taɓa ganin kunnen ƙashi irin nata ba.”

Na ce ba horo ba ne, ita ta sa kanta. Ya ce wane yaro ne za a tambaya ya ce laifi ya yi? Na ce to wa ya taɓa tura ta, ya ce firifet nawa ne a makarantar nan. Sauran malamai uku suka gyaɗa kai, kowa ya ce shi ma yana ganinta, gani kuwa ya kori ji. A kansu ba ya shiga cewa ɗan Adam mai hankali zai ɗauki bokiti ya nufi wurin nan ba a kora shi ba. Nan take aka ce in rubuta a gaban sunanta: tana yawan shan horo.

Ban rubuta ba ranar. Na je na sami Mama a bayan tanki tana wanke ƙafa, na faɗa mata. Ta ɗago ta dube ni, ruwa yana zuba daga butar ba ta sani ba.

“Malama, a takardar da za ta kai makarantar asibiti?”

Na ce ita.

“Yesu! Yaushe za ku sake zama?”

Ranar Alhamis ce, bayan an tashi. A shekarun da na san ta, ranar ce kawai ta bar zumuntar mata suka yi waƙa ba tulu. Ta yi wanka a bayan tanki, ta ɗaura zanen hanya, ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakin malamai ta yi sallama. Ɗakin da take sharewa kullum, amma ba wanda ya ce ta shigo, balle a nuna mata kujera. Wata malama ma na gan ta ta jawo ledar abincinta ta sa a cikin durowa. Daga bakin ƙofa Mama ta yi magana.

“Yallaɓai, ku yi haƙuri, ni ban yi boko ba. Amma wurin nan ni ce a ciki, na san wanda aka turo na san wanda ya zo da ƙafarsa. Wanda aka turo yana zuwa da fushi, ya watsa ruwa ya gudu. Wannan yarinya hannu take sawa a rami ta ciro abin da ya toshe. Ba wanda ya taɓa turo ta, ko sau ɗaya. Idan ƙarya nake yi Ubangiji yana gani. Kyautar ku ba wanda kuke so, amma kada ku rubuta mata abin da ba ta yi ba.”

Na ce a raina to, magana ta ƙare. Mista Japheth ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

“Mama, kin ce har ranar Laraba tana wurinki?”

“Kowace Laraba, Yallaɓai.”

“Awa ta ƙarshe?”

“Ita.”

Ya juyo ya dube mu yana murmushi kamar wanda ya tsinci dami a kala. “To kun ji da kunnenku. Shekara uku da rabi tana gudun ƙungiya. Da horo aka ba ta ma da sai mu ce da izini take fita. Yanzu ga shaida ta kawo kanta, ba wanda ya ba ta izini.”

Mama ta dube ni, ba ta gane abin da ya faru ba. Ya ce mata mun gode, tana iya tafiya. Aka kaɗa ƙuri'a, huɗu da ɗaya, kyauta ta tafi ga Happiness saboda hidimar da ta yi wa tsaftar makaranta. Layin Naila kuma aka yi masa gyara, wai an yi adalci: ba ta bin tsarin makaranta, ba ta shiga harkokin ƙungiyoyi. Na yi gardama har muryata ta dishe, aka tuna mini cewa sakatariya rubutu take yi, kuma makaranta mai zaman kanta ba ta rasa masu neman aikin koyar da Hausa. Na ɗauki biro na rubuta da hannuna. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka ni ta kirki ce a labarin nan.

Ranar biki aka kafa rumfuna, aka yi hayar kujerun roba. Firinsifal ya sa Mama ta zo tun da asuba ta wanke ban-ɗaki sau biyu saboda baƙi, aka ba ta turaren fesawa a karon farko a tarihin makarantar. Happiness ta hau dandamali da koriyar riga ta karɓi allon kyautarta, ta karanta jawabi da Turanci a kan muhimmancin wanke hannu, iyaye suna ta tafi. Naila tana layi na huɗu, ita ma ta tafa.

Da taro ya watse aka raba takardu, na ga Mama ta nufo ni riƙe da ta Naila, yarinyar tana biye da ita tana cewa Mama ki bari, ba komai.

“Malama, karanta mini. Ta ƙi ta faɗa mini gaskiya.”

Na karanta, na fassara mata. Ta tambaye ni ko ana iya gogewa, na nuna mata hatimi da sa hannun firinsifal a kai. Ta mai da wa Naila takardar da hannu biyu, a hankali, kamar tana tsoron kada ta ƙara ɓata ta.

“Ni na ja miki,” ta ce. “Da na sani tun ranar farko na kore ki.”

Mama tana nan har yanzu, bayan nata ya ƙara rankwafawa, ita kaɗai take jido ruwan. A makon farko na sabon zango ina wucewa ta bayan aji na ga wata 'yar aji ɗaya, Ify, ta hango ta tana nishi da bokiti biyu, ta rugo ta kama ɗaya. Mama ta tsaya ta dire su.

“Wa ya turo ki?”

“Ba kowa, Mama.”

“Kin yi laifi?”

“A'a.”

Mama ta waiga hagu da dama, ta ɓamɓare yatsun yarinyar daga hannun bokitin.

“To maza koma aji kafin a gan ki. Sai kin yi laifi ki dawo.”