Allon da Ban So Wankewa Ba

A gidanmu a Gubuchi ba a wanke allo sai malam ya ji hadda da kunnensa. Haka mahaifina ya koya mana, kuma da wannan tarbiyyar na cuci kaina.

Yarinyar da aka yi mana baiko da ita ta samu tafiya Jamus karatun jinya. Wata biyu da sauka ta turo mini wata waƙar soyayya ta Jamusanci a waya, ta ce in koyi kalmomin ciki, domin in an ɗaura aure zan biyo ta. Ni da ko Turanci sai da ƙyar, na amsa da rawar jiki.

Ran kasuwar Makarfi na sayo sabon allo, don ba zan haɗa waƙa da na karatu ba. Sai in saurari baiti, in rubuta shi da ajami yadda kunnena ya ji, ta turo fassara in sa a ƙasa. A nan na san Herz zuciya ce, warten kuma jira. Ina saran rake ina bita, abokan aiki suna tsokanata wai aljanun Turawa sun shige ni. Duk Juma'a in biya mata, ta yi dariya, ta gyara mini harshe, ta ce in wanke. Baiti uku muka yi a haka.

Na huɗu ne ya maƙale. Na rubuta, na haddace, na tura, shiru. Wata Juma'ar aiki ya yi mata yawa, wata kuma jarrabawa. Aka sare rake, aka dasa wani, allon yana jingine a ɗakina tawada tana dushewa. Innata ta ce ko makaho ya ga abin da ke faruwa. Na ce mata ai malama ba ta ji ba tukuna. Har yau in na tuna wannan amsar haushin kaina nake ji.

Ana gab da azumi saƙonta ya shigo, da Hausa, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, ka wanke allonka. Ba sai na ji ba."

Washegari yayanta ya dawo da kayan baiko a bayan babur, yana ta sunkuyar da kai.

Na wanke. Ruwan allo a wuri mai tsabta muke zubar da shi, wannan kuwa a kwata na juye. Sai dai mahaifina ya iya koyar da hadda, Allah ya ji ƙansa. Baitin nan na huɗu har yau ko kalma ɗaya ban manta ba, kuma babu wanda zan biya wa.