Katuna Talatin da Malam Pyo Bai Cike Bayansu Ba

Ranar Lahadi, uku ga watan Maris, da hantsi, ina zaune ina bitar katuna sai wayata ta yi ƙara. Babbar 'yarka ce, ya Malam Pyo Deok-su. Ta ce ka cika a asibiti bayan jinyar kwana goma sha ɗaya, kana da shekara saba'in da tara. Zan faɗi gaskiya ko da akwai kunya a cikinta: kafin hawaye ya zo mini, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne jarrabawata saura kwana shida. Ka yafe mini, Malam. Kai ka fi kowa sanin tsoron da nake ciki.

Shekarata hamsin da shida, talatin daga ciki a ɗakin injin jirgin ruwa na yi su. Inji ya yi tari a tsakiyar teku, da kunne nake gane abin da ke damunsa. Amma kamfani ya ce duk wanda bai samu takardar babban mataki ba kafin ƙarshen wannan bazara, to ya tattara ya sauka. Sau uku ina zaman jarrabawar, sau uku Turanci kaɗai yana kayar da ni. Ta Asabar ɗin nan ita ce ta ƙarshe kafin wa'adin.

Shekara biyu ke nan da na fara hawa doguwar matakalar nan taka a unguwar Yeongdo ta bakin teku, saman shagon mai gyaran ragar kamun kifi. Ka daɗe da ajiye aikin makaranta, ka koma koyar da irinmu, ma'aikatan jirgi da masu lodi da furfura ta cim musu. Bangon ɗakin duk kwalayen takalma ne cike da katunan da ka rubuta da hannunka. Na ce maka dogayen kalmomin nan su ke kashe ni, da na ga kalma ta haura harafi goma sai idona ya rufe. Sai ka tambaye ni sunayen 'yan'uwana. Na ce Byeong-gu, Byeong-man, ni kuma Byeong-cheol.

Ka ce, "To ka gani. Duk wanda ya ji Byeong ya san 'yan gida ɗaya ne ku, ko da wani liman ne wani mashayi. Kalmomin nan ma gida gida suke. Ka san gidan, ka daina jin tsoron 'ya'yansa."

Ranar ka ba ni gidan farko, masu ƙarewa da tion. Ventilation, shigar iska da fitarta. Contamination, gurɓacewa. Evacuation, kwashe mutane daga wurin haɗari. Haruffan da suka haɗa su ka ja musu layi da jan biro. Na ɗauki biron zan rubuta sunana a jikin ƙunshin katunan, ka kaɗe mini hannu. Ka ce, "Kai, suna da ja? Ai na matattu ake rubutawa da ja. So kake ka riga ni tafiya? Ka bi layi, ni ne a gaba." Muka yi dariya a lokacin.

Tsarinka ɗaya ne, ba ka taɓa canza shi ba. Gaban kati naka ne, bayansa ka bar shi fari. Sai ɗalibi ya zauna a gabanka, ka faɗa masa ma'anar da baki, ka haɗa da labari, sannan ya rubuta da hannunsa. Ni kam ka hana ni ƙamus ƙememe. Ka ce da kunne na san inji, da kunne zan san Turanci. Na ji daɗin haka, don ya yi daidai da lalacina. Shekara biyu ban taɓa neman ma'anar kalma ko ɗaya da kaina ba.

Duk zaman jarrabawar da na yi, kana bakin ƙofar ɗakin jarrabawa tun da safe, a cikin tsohon kwat ɗinka mai ruwan toka, riƙe da alewa mai danƙo don sa'a ta manne mini. Da na faɗi karo na uku na kasa kallon idonka. Ka dafa ni ka ce, "Alewar ce ba ta da kyau. Za mu canza shago."

Yanzu bari in faɗa maka abin da ya hana ni zuwa makokinka ranar farko. Na ɗauko baƙaƙen kaya, matata ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Baban Yeon-ju, lafiyarka kuwa? Mai jarrabawa a gaba yana shiga gidan makoki ya kwaso rashin sa'a? Ko ubana ne ya mutu cewa zan yi ka aika da gaisuwa." Na mayar da kayan. Na ji tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Na wuni ina juya katuna, babu wanda ya zauna a kaina. Litinin na sake ɗauko kayan. Ta ce, "In ka faɗi, kada ka kalle ni." Na ce na ji.

Na kunna turare, na rusuna sau biyu a gaban hotonka. Zan fita sai uwargidanka, Mama Seol, ta kira ni gefe ta sa mini ƙunshin katuna a hannu. Ta ce, "Tun da aka kwantar da shi yake fama da su, likita na faɗa yana rubutu. Ya ce a ba wa mai injin nan mai taurin kai." Da na koma gida matata ta tare ni a waje da kwanon gishiri, ta watsa mini har cikin kunne don kada wani abu ya biyo ni. Tana watsawa tana kuka.

Katuna talatin ne, gidan masu ƙarewa da able, wanda ka ce shi za mu yi a makon ƙarshe. Uncontrollable, unavoidable, da 'yan'uwansu. Na juya bayan na sama-sama, fari fat. Sai a lokacin na gane da gaske cewa ka mutu.

Yau Alhamis. Na tono tsohon ƙamus ɗin 'yata Yeon-ju, na cike goma sha tara. Kowace kalma ma'ana uku ko huɗu, babu mai ce mini ga wadda za su tambaya. Matata ta daina zancen gidan makoki, kuma shirun nata ya fi damuna. In na faɗi, har abada za ta ce zuwan da na yi ne, ni ma ƙila in yarda da ita.

Na talatin ɗin kaɗai na tarar da rubutu a bayansa, a karkace, da ƙyar na karanta. Ba ma'ana ba ce. Ka rubuta, "Alewa tana aljihun kwat. Na canza shago." Na buga wa Mama Seol. Kwat ɗin yana cikin kayanka da aka ware za a ƙona bisa al'ada. Ta lalube aljihun ina jin ta a waya, sannan ta ce, "Ga ta nan. Kada ka zo karɓa. A bakin ƙofa ya saba bayarwa, ni zan kawo maka."

Ubangiji ya jiƙanka, Malam Pyo, ya yi maka rahama, ya sauƙaƙa maka hanyar da ka kama, ya saka maka da haƙurin da ka yi da tsofaffin kawuna irin nawa. Mama Seol, da 'ya'yanku Eun-sil da Eun-ok, da jikoki, da duk wanda ya taɓa hawa matakalar nan, Allah ya ba mu haƙurin rashinsa.

Ban sani ba ko zan ci, Malam. Saura kati goma sha ɗaya, saura kwana biyu. Zan cike su da hannuna, kuma jibi ba zan bar tsohuwar nan ta daɗe a tsaye cikin sanyi ba.

Ɗalibinka, Ok Byeong-cheol