Kawu Mai Karanta Tsallen Barewa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, bakwai ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kawuna, wanda maharba suka fi sani da Harbi Ɗaya. Na zauna da niyyar kuka, Kawu, amma duk abin da na tuno game da kai sai in ji jinina ya motsa.

Wa zai manta yadda kake karanta barewa? Kafin ƙarar bindiga ta lafa ka riga ka faɗi inda harsashi ya shiga. In ta daka tsalle ta harba ƙafafun baya, ta zura a guje kai ƙasa, zuciya ce, ba za ta yi nisa ba. In aka ga jini mai haske da kumfa a kan ciyawa, huhu ne. In ta zube nan take, ƙashin baya aka taɓa, sai ka ce a yi maza a ƙarasa ta. Guda ɗaya ce ke ɓata maka rai: wadda ta yi doro, ta sauke wutsiya, ta tafi a hankali. Wannan a ciki aka same ta.

Irinta na yi maka a fitata ta farko. Zumuɗi ya sa na ja kunamar bindigar da ka ara min, barewar tana cikin juyawa. Na zabura zan bi ta, ka damƙe min riga: "Zauna! Ka kore ta yanzu, sai dai ungulu su ci." Awa shida muka yi muna jira kafin muka bi sawunta. Da muka same ta a bakin rafi tana numfashi da ƙyar, na ga hawaye a idonka. Ka karɓe bindigarka ka rataye a bayan ƙofa, ka ce ba ni ba ita sai na iya harbin da ba ya azabtarwa. Wallahi na ji haushinka! Shekara huɗu ina aron ta abokai.

Da ciwon ƙafa ya zaunar da kai, ɗakinka ya koma daji. Duk dawowata sai in ture kujera in kwaikwayi barewar da na harba, matarka Inna tana faɗan kada in fasa mata kwanuka. Kai kuwa ka girgiza kai: "Ka yi baya, hanta ce. Da saura."

Kwana tara kafin rasuwarka na faɗo ɗakin ko takalmi ban cire ba. Na yi tsalle har na kusa taɓa fanka, na harba ƙafa, na ruga na zube a gindin gado. Ka ɗago daga matashi, idonka na ƙyalli.

"Taku nawa ta yi?"

"Arba'in, Kawu!"

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, sannan ka dubi Inna: "Sauko masa da ita."

Ga bindigar nan a bayan ƙofata. Sai dai in na dawo daga daji, ban san wa zan yi wa tsalle ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da 'ya'yanka, da duk wanda ya taɓa bin sawu a bayanka. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya gafarta maka, Ya sa Aljanna ce makoma. Yadda ka ƙi barin dabba ta wahala, Kawu, Allah kada Ya bar ka ka wahala a kabari.