Inda Muryarta Take Tsayawa

Uwar yarana tana da wata waƙa da ba ta da kalmomi. Da hanci take yin ta, in tana tsince shinkafa ko tana guga a gidanmu na unguwar Kudai, nan Makka. Takan taso a hankali, ta yi ta hawa, ta kai wani wuri mai tsayi inda muryarta ba ta isa. Nan sai ta yi tari, ta yi dariya, ta koma farko. Nakan ce mata, "Hajiya, motar nan taki ba ta taɓa hawa tudun nan ba." Ta ce, "Kai da kake direba, zo ka tura."

Duk gidan mun ɗauka begen Manzo ne da ta koya wurin kakarta, wadda ta zo Makka ta hanyar Sudan. Ba wanda ya tambaye ta.

Da ta rasu aka sallace ta a Harami tare da wasu mamata, ba a kira sunan kowa ba, aka binne ta a kabarin da ba alama. Haka ake yi a nan. Na zauna karɓar gaisuwa, na sha gahawa, na ce amin. Ban yi kuka ba. Ba dauriya ba ce, babu abin ne kawai. Na koma kan bas ɗina ina jigilar masu umara daga Kudai zuwa Harami, ina ci, ina barci, kamar an aiko ni.

Wata rana a danja na nemi waƙar a kaina, na rasa. Fuskarta tana cikin waya, muryarta ma akwai, tana cewa in taho da burodi. Waƙar ce ba wanda ya ɗauka. Idan ta ɓace mini, ta ɓace ke nan.

Na faɗa wa 'yarmu ta fari, wadda Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Ta ce, "Baba, ni ina tunawa shwayya, kaɗan-kaɗan." Ta kara waya a bakinta ta rera, wai wayar tana gane waƙa. Na ce mata wayar Bature ina ta san begen mutanen Sudan. Sai na ga ta tsura wa gilashin wayar ido.

"Baba, wallahi ba madihun Manzo ba ne. Ta coci ce. Ta mamata ce, suna roƙa musu rahama."

Sannan na tuna. Kafin aurenmu ta yi aikin gida a Aziziyya, wurin wani tsohon likita ɗan Masar da ya yi karatu a Turai. Ta taɓa ce mini yana da faifai masu sa mutum barci a tsaye. Ashe can ta kwaso, tana shara, ta kawo mana gida, muka yi shekaru muna ce mata masha Allah.

Ban yi fushi ba, ban ji kunya ba. Na ce ta sa mini a wayata.

Da hantsi, a tashar Kudai, kafin layi ya zo kaina, na rufe ƙofar bas na kunna. Masu goge ne suka fara, da yawa, ƙasa-ƙasa. Maza suka shigo da murya mai kauri, mata suka bi su, cikin wani harshe da ban san ko kalma ɗaya ba. Ba ganga, ba gaggawa. Ina zaune ina kallon wani yana wanke taya. Can duk suka ja baya, mace ɗaya ta taso ita kaɗai.

Ita ce. Waƙar tsince shinkafa ce, ba ragi. Ta yi ta hawa, ni kuma ina jiran tarin. Matar ba ta yi tari ba. Ta haye wurin nan salin-alin, ta wuce, ta shiga wani ɓangare da ban taɓa ji ba, mai daɗi ƙwarai, wanda ba na gidanmu ba ne.

Na kashe.

Har yau ina kunna ta, tsakanin jigila da jigila. 'Yata ta ce ƙarshen ya fi ko'ina kyau, in daure in ji. Na ce mata to. Amma kullum in matar ta iso gindin tudun, yatsana yana kan waya, a nan nake tsayar da ita, in koma farko.